Littafin Nasara da Sunan Baba Hali

Ku aje alƙaluman nan tukuna. Tun ɗazu nike jin ku, wai rubutun littafi zaman inuwa ne, ka duba can ka zuba nan, babu rana babu ƙaya. Madalla da ku! Ni da na tsufa bisa wanga buzu har ƙuguna ya daina miƙewa, bari in gaya muku abin da sana'ar ga ke ci ga mutum, don ba ido da ƙugu kaɗai take ci ba.

Malam Haliru ne ya koya mini, wanda duk Ƙofar Taramniya ke ce ma Baba Hali. Shekarata ta fari a zaurenshi ko warin takarda ban ji ba. Bagaruwa nike daka, in jiƙa ta da kashin maƙera, in tace, in zuba ƙaro, in kai mishi baƙar tawadar cikin kurtu. Sai shi ɗiga bisa akaifarshi shi karkata yatsa. In ta gudu shi ce, "Bube, ruwan wanka ka kawo mini?" In ta ƙi motsi shi ce, "Wanga kunu ne, tafi ka sha abinka." Jar tawada ta fi wuya, don koya, jar ƙasar nan, ake niƙawa bisa dutse har sai ka sa ga harshe ba ka ji yashi ba. Karan gamba kuwa, na fiƙe abin da ya kai kayan jaki kafin shi yarda da alƙalami guda. Takarda daga Tarabulus take zuwa bisa raƙuma, ranar da ka ɓata warƙa ɗaya ba ka cin tuwo da daɗi. Kafin a rubuta sai an goge ta da farin wuri ta yi santsi, a danna ta bisa allon zare don layi shi fito.

Aikin fari da ya bari na sa hannu tafsiri ne na wani mai saida goro. Nan ya nuna mini aya ja ake yin ta, maganar malami baƙa, don ko wanda bai yi zurfi ba shi san inda faɗar Ubangiji ta tsaya, inda ta bawa ta soma. Da munka kai ƙarshe sai ya karɓe alƙalami. Warƙar ƙarshe ba shi barin ta ga kowa. Shi sake alwala, shi zauna, shi rubuta cewa an gama da hannun bawa mabuƙaci Haliru ɗan Sambo, duk wanda ya karanta shi yi mishi Fatiha, shi da mahaifanshi. Baba Hali ya haifu, amma ɗiyanshi duka sun riga shi tafiya, ba wanda ya kai ga aure. Ranar ya busa tawadar ta bushe ya ce mini, "Geron da anka biya mu za mu cinye shi, riga ta yage. Wasu sun haifi masu yi musu addu'a, ni rubuta nawa nike." Kuma ya rubuta su da yawa. Da wuya ka shiga zauren malami a Sakkwato ba ka iske hannunshi ba, har Gwandu da Wurno ana aiko mishi.

Ina da mata da ɗiya uku, hannuna ya riga ya nuna, ranar da Modibbo Atto ya shigo da wani Balaraben falke. Modibbo tsoho ne mai zurfin karatu, irin waɗanda ba su barin littafi shi wuce su. Balaraben ya kwance ƙyalle ya fitar da littafi mai baƙar fata, gara ta ci gefenshi, kuma a ɗinke, warƙa bisa warƙa an kulle su da zare. Na yi dariya, don ban taɓa ganin an ɗaure littafi kamar buhu ba. Kun san namu sake muke barin shi cikin tadarishi, bangon nan na fata, don ɗalibai goma su raba warƙoƙi su karanta lokaci guda.

Modibbo ya ce, "Malam Hali, wanga na Nasaran Masar ne, da Larabci. Labarin malamansu na farko ne, da yadda sunka yi ta jayayya bisa littafinsu. Ina son in yi musu raddi, ba a kuwa raddin abin da ba a karanta ba. Mai shi za shi koma da ayari bayan Sallah, ba shi saidawa. Ka kwafe mini."

Baba ya ce, "Allah shi gafarta Malam, da hannun da nike rubuta Alƙur'ani?"

"Ilimi ne. Laifin bisa wuyana, in akwai shi."

Baba ya kwana biyu shina juyayi. Abin da ya karya shi wani wuri ne a farkon littafin, inda wanda ya wallafa shi ya haɗa duk wanda za shi kwafa da Allah, shi yi muƙabala, kada shi ƙara kada shi rage. Ya karanta ya sake, ya kaɗa kai ya ce, "Wanga mutum marubuta sun taɓa cutar shi. Niƙa koya, Bube." Haka ya kwafe shi harafi da harafi, bai tausasa kome ba. Inda sunka kawo faɗar littafinsu ya yi ja, inda malamansu ke bayani ya yi baƙi, kamar yadda shike a asali, kamar kuma yadda muke yin tafsiri.

Muƙabala ita ce aikin da ku ke gudu, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi da yatsa. Ni ke karantawa, shi ya sa abin da ke ciki ya zauna mini har yau. Ashe a zamanin farko rubuce-rubuce da yawa ke yawo a hannunsu, kowane gari da waɗanda ake karantawa a taronsu, sunka daɗe suna gardamar wanne za a riƙe wanne za a aje. Wani daga cikinsu ya tashi ya ce a jefar da Attaura da littattafan annabawan da sunka gabata gaba ɗaya, ya ɗauki Linjila guda ya yanke abin da bai yi mishi ba. Sauran sunka yi mishi ca, sunka ce tsohon da sabon ba su rabuwa. Da anka wuce wannan sai ta yadda za a karanta. Malaman Iskandariyya sunka ce bayan zahirin magana akwai wata ma'ana a ɓoye, gonar Aljannar da anka ambata da kogunanta misali ne na abin da ya fi ƙarfin ido. Na Antakiya sunka ce in kogi ba kogi ba ne, to, mi ya rage wanda mutum ba shi iya narkar da shi shi koma misali? Baba ya aje yatsa ya ce, "Na Antakiyan ga sun fi hankali." Modibbo, da ke zaune gefe shina jan tasbaha, ya ce, "Kada ka yi sauri, mu ma muna da masu zahiri da masu ishara, kuma ba su gama ba."

Wadda ta fi tsawo ita ce ta uku, wa ke da ikon faɗin ma'ana. Kowane ɓangare aya shike kawowa, har wasu sunka ce littafi shi kaɗai ba shi raba gardama, sai a tambayi mutum daga hannun wa ya karɓa, shi kuma daga wa, har a kai ga almajiran Annabi Isa na farko. Na ce, "Af, ai ijaza ke nan, irin ta malamanmu!" Modibbo ya yi murmushi ya ce in ci gaba da karatu.

Da anka gama, Modibbo ya rubuta warƙa guda da hannunshi ya aza bisa, cewa wanga maganar Nasara ce, an kwafe ta don raddi, kada jahili shi taɓa. Baba kuma ya yi alwala ya rubuta tashi ta ƙarshe kamar kullum, da sunanshi da roƙon Fatiha, don bai taɓa sallamar aiki ba ita ba. Balaraben ya zo karɓar nashi, ya ga kwafin a sake cikin tadarishi, ya ce cikin Hausarshi mai tsami, "Ya Malam, wanga littafi na ɗinki ne. Ka ɗinke shi, gaba da baya su zauna tare." Baba ya ce, "Mu ba mu ɗinke littafi. Ba takalmi ba ne." Munka yi dariya har da Modibbo. Ni ma da bakina na ce zare ɓata takarda shike, ba wanda ya sake tuna zancen.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, abin da ya tsira fara ta gama da shi, bayanta ciwo ya shigo gari. Wa ke ta littafi? Takarda ta yi ta jiran mu cikin tukunya, tawada ta bushe a kurtu. Matata ta saida tasoshinta, munka koma ga dusa da ganye. Modibbo Atto ya rasu cikin wanga ciwo bai gama raddinshi ba. Anka raba gado, gafakar da littafin ke ciki ta faɗa ga wani ɗan ƙanenshi, majemi, wanda ko baƙi bai haɗa ba. Yunwa ta matsa mishi, ya kai ta wajen wani mai saida layu kusa da Hubbare. Warƙar Modibbo ta bisa, Allah kaɗai ya san inda ta faɗi.

Mai layun bai iya Larabci ba, amma ya san hannun Baba Hali kamar yadda kowa ya sani. Ya ga ja ya ga baƙi, ya ce tafsiri ne. Ya riƙa zare warƙa ɗai-ɗai shina ninkewa, baduku na rufewa da fata. Lokacin ciwo ne, kowa na neman abin da za shi rataya ma ɗanshi, shi kuwa shina shela, "Hannun Malam Hali ne! Aya ce da jar tawada!" Har matan unguwarmu sun saye.

Maidamma marini ya saye ma ɗiyarshi guda. Yarinyar ta rasu. Da za a wanke ta anka cire layar, shi kuma cikin zafin rai ya farke ta ya kai ma wani ɗalibi shi karanta mishi, ko shi ji wace aya ce ta raka ɗiyarshi. Ɗalibin ya karanta layi biyu ya yar da takardar. Da jar tawada, cikin hannun da duk gari ya sani, ga abin da Nasara ke faɗi game da Annabi Isa, wanda bakina ba shi maimaita shi. Anka je anka zazzage kwandon mai layu, anka iske warƙar ƙarshe da ba a kai ga ninke ta ba, ga suna ɓaro-ɓaro, Haliru ɗan Sambo.

Ina zaune nan inda kake, kai mai jar hula, Maidamma ya shigo babu sallama, hannuwanshi shuɗi da baban rini har gwiwa. Bai yi zagi ba, da ma ya yi. Ya aje fatar layar gaban Baba ya ce, "Malam, da wanga a wuyanta ta cika. Ni na ɗaura mata da hannuna, don an ce naka ne."

Wajen alƙali abin bai daɗe ba. Ɗaliban Modibbo sunka yi shaida cewa malaminsu ya sa aikin, kuma don raddi. Alƙali ya ce marubuci ba shi da laifi, ya hori mai layu, ya sa a tattaro layun a rufe cikin ƙasa. Ya miƙa ma Baba warƙarshi ta ƙarshe ya ce shi tafi gida. Munka dawo ina murna, wauta ta sa na zaci an gama.

Amma gari bai gama ba. Wanda ke da Alƙur'ani na hannun Baba ya soma kallon shi a kaikaice. Wasu sunka ce duk abin da wanga hannu ya rubuta a kai shi gulbi, ba a san abin da ya cusa ba. Wasu sunka ce a'a, a tantance warƙa-warƙa, a riƙe mai kyau. Wasu sunka ce takarda ba ta shaidar kanta, a kira alarammomin da sunka karɓa daga bakin malamansu, su ne alƙalai. A bakin masallaci, a rumfar mahauta, har wajen rijiya, zancen ke nan. Wata rana muna jiyo su ta katanga sun kaure, Baba ya yi wata dariya marar daɗi ya ce, "Bube, ka ji su? Ai mun kwafe wagga gardama, ni da kai."

Alarammomi sunka zauna, Allah shi saka musu. Mutane na kawowa suna bi, daga Fatiha har Nasi, wata da watanni. Ba su sami wasali guda da ya kauce ba. Sunka faɗa a fili cewa littattafan lafiya lau suke, kowa shi riƙe nashi. Mutane sunka yarda da littafin, amma sunan ne ba su son gani. Ɗan wani ya tambayi ubanshi ko wanga Halirun ne na layar Nasara, baƙo ya buɗa ƙarshe ya ɗaga gira. Kuma ga littafi a sake, zare warƙa guda ba wuya.

Na farkon da ya zo wani attajirin Unguwar Rogo ne, da gafaka a hammata da bawa biye da shi ɗauke da ƙwaryar gero. Bai dubi Baba ba, ni ya ce ma, "Malam Bube, warƙar ƙarshe nike son a sake mini. Surorin kaɗai, kada a sa sunan kowa." Jinina ya hau. Na ce shi kwashe geronshi shi fita tun ban manta girmanshi ba. Ƙaramin ɗana na kwance cikin gida lokacin, cikinshi ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, kuma Baba ya san haka, don katanga ɗaya ta raba mu.

Baba ya ce, "Zauna, Bube."

Na ce, "Baba, ka san abin da shike nufi?"

"Na fi ka sani. Jiƙa tawada."

"Wallahi ba ni yi."

Ya ɗaga murya, abin da bai yi mini ba tun ina dakan bagaruwa. "Ni na koya maka ko kai ka koya mini? Nawa sun mutu ina kallo, ba ni kallon naka. Rubuta!"

Na rubuta. Shi ya riƙe tsohuwar warƙar muna muƙabala, shina bi da yatsa har inda surori sunka ƙare, ya tsaya daidai bisa sunanshi ya ce, "Ya yi. Ba shi." Attajirin ya bar tsohuwar nan bisa tabarma ya fita.

Labari ya bazu cewa a zauren Baba Hali ake sakewa, kuma hannun Bube ya yi kama da nashi har ba a gane sabuwa. Sunka yi ta zuwa, mai dawa, mai wake, mai ɗan tsaki. Da wanga aiki gidana da nashi sunka ga damina, ɗana ya tashi, shi ne uban wancan da ke dariya ɗazu. Tsofaffin warƙoƙin kuwa akwai sunan Allah cikinsu, ba a yar da su. Baba ke tara su, in sun yi yawa shi naɗe cikin farin ƙyalle, shi gina rami gindin kurnar tsakar gidanshi shi rufe. Ba shi barin in taya shi. Na taɓa leƙawa na gan shi durƙushe shina daidaita ƙasa da tafin hannu, yadda ake yi ma kabarin jariri, na koma zaure na yi kuka kamar mace. Ban ji kunya ba, yau ma ba ni ji.

Ba a sake kawo mishi aiki ba. Shi zo da safe shi fiƙe alƙaluma shi jera, la'asar shi mayar da su cikin kwando. Wata rana na ce in sa sunanshi a ƙarshen wani littafin fiƙihu da na gama, ya ce in na yi haka ya tsine ma aikina, ɗiyana ba su gama girma ba. Bai kai damina ta biyu ba. Waɗanda sunka yi mishi salla ba su cika sahu biyu ba, mutumin da rabin garin ga da hannunshi sunka sauke Alƙur'ani. Maidamma na cikin waɗanda sunka zo, shi ya kama mini makara.

Bayan rasuwarshi na yi shekaru duk gidan da na shiga sai in roƙi a nuna mini littafi, in juya ƙarshe. Hannuna nike iskewa, babu suna. Ko akwai wanda ya tsira a Gwandu ko wani ƙauye, ban sani ba, ban gani ba. A Sakkwato dai guda na sani, ga ta nan cikin gafakata, wadda alƙali ya miƙa mishi, ta ƙarshen littafin Nasara. Kai, matso, karɓi da hannu biyu, ta tsufa. Karanta da ƙarfi kowa shi ji.

To, kun ji abin da ya roƙa ga duk wanda ya karanta. Ku ɗaga hannuwa. Haliru ɗan Sambo, shi da mahaifanshi. Fatiha.